Salsalar Birin Bonobo da Danginsa na Gashaka-Gumti

Bonobo babban biri ne marar wutsiya, wanda ba a samunsa a dawa sai a kudancin Kogin Kwango. Ɗan'uwansa mafi kusa shi ne cimfanzi, wanda wani jinsinsa yake zaune a Jihar Taraba, kudu da Kona da Jalingo, cikin Gandun Dajin Gashaka-Gumti da aka kafa a 1991.

A ɗabi'ar waɗannan birai, mace ce kan bar garken da aka haife ta idan ta balaga, namiji kuwa ya zauna. Wannan ƙaura ita ke hana barbara tsakanin 'yan jini ɗaya, wadda kan raunana zuri'a. Da yake bonobon da ke gidajen namun daji kaɗan ne, gidan namun daji na Antwerp a Beljiyam yana riƙe da kundin salsalarsu, kuma da shi ake tsara musayarsu tsakanin gidajen.

A Gashaka kuwa, kurmi ne ke wannan aiki. Muddin noma da saran itatuwa suka daddatsa shi, hanyar matan za ta toshe, garke ya koma barbarar junansa.