Filin jirgi babu fasinja, sama cike da jirage: Yadda ake gane jirgin sama daga garin Gure

Garin Gure, wanda ke gabas da birnin Damagaram a kan babbar hanyar da ta nufi Diffa, yana da filin saukar jirgin sama. Har alamarsa gare shi a kundin hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, wato DRZG. Sai dai babu kamfanin da ke kai fasinja can bisa jadawali, don haka matashin da ke zaune kusa da filin zai iya daɗewa bai ga tayar jirgi ta taɓa ƙasa ba.

Saman garin kuwa wani labari ne daban. Nijar tana kan hanyar jiragen da ke tasowa daga Turai zuwa Najeriya da Kamaru da Gabon da Kongo har Afirka ta Kudu, ga kuma masu ratsawa tsakanin yamma da gabas, kamar na Addis Ababa da na Jidda. Duniya ta ga muhimmancin wannan hanya a ranar 6 ga Agustan 2023, lokacin da sojojin da suka karɓi mulki a Yamai suka rufe sararin samaniyar ƙasar. Da ma jirage na kauce wa Libiya, ga Sudan ta rufe nata tun watan Afrilu saboda yaƙi, sai ya zama dole manyan kamfanoni su riƙa zagaye, wasu da ƙarin tafiyar kilomita 1,000 ko fiye. An sake buɗewa a ranar 4 ga Satumba, kafin daga baya a haramta wa jiragen Faransa shiga.

Tun daga lokacin, jirgi a sama ya daina zama abin kallon yara kawai. Ƙara kaɗan ko farin layi a sararin samaniya ya isa ya tayar da magana a majalisa da zaurukan WhatsApp: na leƙen asiri ne, na soja ne, na wata ƙasa ne. Sau da yawa kuma jirgin fasinja ne kurum, ɗauke da mutane ɗari biyu ko uku da ke barci ko cin abinci. Wanda ya iya bambancewa ya huta da fargaba, ya kuma hutar da na kusa da shi.

Abin da ido ke iya gani daga kilomita 11

Jirgin fasinja mai dogon zango yana tafiya ne a tsayin kilomita 10 zuwa 12. Daga can ba a ganin rubutu ko launi sosai, amma akwai abin karantawa.

Farin layin da yake bari ba hayaƙi ba ne kamar na mota. Tururin ruwa ne da ke fita daga injin, ya haɗu da sanyin da kan kai digiri 50 ƙasa da sifili, sai ya daskare ya zama ƙanƙara. Kowane injin da nasa layin. Idan aka duba da madubin hangen nesa daidai bayan fiffike, kafin layukan su haɗe, ana iya ƙirga su. Layi biyu, jirgi mai injin biyu ne, kuma su ne mafi yawa a yau. Layi huɗu ya rage zaɓi ƙwarai: Boeing 747 ne, ko Airbus A340, ko A380, ko kuma babban jirgin dakon kaya. Idan iskar can sama a bushe take, layin kan gajarce ko ya ƙi fitowa gaba ɗaya, don haka rashin layi ba ya nufin jirgin na ɓoye wani abu.

Sabon mai kallo kan nemi jirgi a inda yake jin ƙara, ya rasa shi. Dalili shi ne sauti na ɗaukar fiye da daƙiƙa 30 kafin ya sauko daga wannan tsayi, a lokacin kuwa jirgin ya yi gaba da kusan kilomita 8. A gaban ƙarar ake dubawa.

Da dare fitilu ne ke magana: ja a fiffiken hagu, kore a na dama, ga farare masu walƙiya. Haske ɗaya tal da ke tafiya a hankali ba tare da ƙyaftawa ba, galibi tauraron ɗan Adam ne.

A Damagaram da Kano ake koyon sura

Don ganin jirgi kusa, sai an yi tafiya. Filin jirgin Damagaram ne mafi kusa, inda aka fi ganin ƙananan jirage masu farfela, irin waɗanda ke jigilar cikin gida da na ma'aikatan agaji na Majalisar Ɗinkin Duniya. Uku ne suka fi rikita mutane, domin dukkansu fiffikensu a saman gangar jiki yake, kuma farfela biyu gare su. ATR tayoyinsa gajeru ne, suna fitowa daga wani kumburi a cikinsa. Dash 8 kuwa dogayen ƙafafu gare shi da ke saukowa daga ƙarƙashin injin, kamar zalɓe. Fokker 50, wanda kamfanin Niger Airlines ya yi amfani da shi tsakanin Yamai da jihohi, shi ma daga injin ƙafafunsa ke fitowa, amma ƙananan fukafukan wutsiyarsa a ƙasa suke, yayin da na sauran biyun ke can bisa ƙololuwar wutsiya.

Babbar makarantar ita ce Kano. Tun a 1925 jirgi ya sauka a nan, kuma filin jirgin Malam Aminu Kano ya daɗe yana zama zangon masu ratsa Sahara. Kamfanin KLM ya yi shekaru fiye da 60 yana zuwa kafin ya daina a 2012. Mazauna unguwanni irin su Kurna da Jaba da Fanisau suna ganin cikin jirage a kullum ba tare da sun biya ko sisi ba.

Wanda ya tsaya a can, tambayar farko da zai yi wa kansa ita ce: ina injin yake? Idan injuna biyu ne manne a bayan gangar jiki kusa da wutsiya, jikin kuma siriri kamar alƙalami, to ƙaramin jirgi ne irin Embraer 145 mai kujeru 50, wanda Rano Air da Air Peace ke amfani da shi, ko kuma ɗan uwansa CRJ. Idan injunan na rataye a ƙarƙashin fiffike, sai a koma ga girma.

A nan ne ake shan wahala, kuma a nan ne daɗin yake. Boeing 737 da Airbus A320 su ne jiragen fasinja mafi yawa a duniya, girmansu kusan ɗaya, kowanne injin biyu. Ga wanda bai saba ba, Hassan da Husaini ne. Amma hancin 737 yana da tsini, na A320 a dunƙule yake. Wutsiyar 737 tana farawa da wani ɗan gangare a kwance kafin ta miƙe sama, ta A320 kuwa kusan kai tsaye take tashi daga baya. Sai injin: a yawancin 737 da ke yawo a Najeriya, ƙasan bakin injin a baje yake, kamar ƙwaryar da aka danne. Wannan ba ado ba ne. An ƙera jirgin tun 1967 da gajerun ƙafafu, da aka zo saka masa manyan injuna a shekarun 1980 sai suka kusa taɓa ƙasa, dole aka baje su. A320, wanda ya fara tashi a 1987, ya fi tsayin ƙafa, injinsa kuma zagayayye ne. Akwai wata alama da mai kallo daga ƙasa ya fi kowa morewa: bayan 737 ya tashi ya naɗe ƙafafunsa, ana ci gaba da ganin baƙaƙen tayoyi biyu a cikinsa, domin ba su da murfi. Na A320 a rufe suke ruf.

Manyan jirage masu injin biyu sun fi sauƙi idan suna saukowa, saboda tayoyi. Boeing 777 yana da taya shida a kowace babbar ƙafa, ƙarshen bayansa kuma a baje yake kamar bakin sukundireba. Airbus A330 taya huɗu gare shi a kowace ƙafa, da ɗan lanƙwasa a ƙarshen fiffike. Boeing 787, wanda Ethiopian Airlines da Qatar Airways ke da shi da yawa, ana gane shi da gefen bayan injin mai haƙora kamar zarto, da fukafukai masu lanƙwashewa sama idan yana cikin iska. A350 kuma kewayen tagogin matuƙansa baƙi ne wuluk, kamar wanda ya sha kwalli.

Boeing 747 ba ya bukatar bayani ga duk wanda ya taɓa raka alhaji filin jirgi. Tozon da ke gabansa ya isa shaida. Max Air ya yi shekaru yana jigilar alhazai da shi, abin da ya sa arewacin Najeriya ya zama cikin wurare ƙalilan da ake iya ganin 747 na fasinja bayan yawancin manyan kamfanonin duniya sun ajiye nasu. An daina ƙera shi, na ƙarshe ya fita a Janairun 2023, don haka wanda ya gan shi ya kalla da kyau. A340, irin wanda Azman Air ya saya, shi ma injin huɗu ne amma babu tozo, dogo ne siriri. A380 bene biyu ne daga hanci har wutsiya, kuma ba jirgin da za a zauna jira a Kano ba ne.

Na soja fa? Ƙa'ida mai sauƙi ita ce, babban jirgi mai injin huɗu da fiffike a saman gangar jiki, ba tare da jerin tagogi ba, galibi na kaya ne ko na soja. C-130, wanda rundunar sojin saman Nijar ke da shi, farfela huɗu gare shi. Ilyushin 76 na Rasha injunan jet huɗu ne, da gilashi a ƙasan hancinsa.

Lambar jiki ba ta ƙarya

Fenti na iya yaudara, domin kamfanoni kan yi hayar jirage daga juna, musamman lokacin aikin Hajji. Abin da ke tabbatar da asalin jirgi shi ne lambar rajistar da ke kusa da wutsiya da ƙarƙashin fiffike. Ta Nijar tana farawa da 5U, ta Najeriya 5N, Chadi TT, Habasha ET, Masar SU, Saudiyya HZ, Turkiyya TC, Maroko CN, Aljeriya 7T. Tsofaffin masu wannan sha'awa a Ingila, inda ta samo tushe tun zamanin Yaƙin Duniya na Biyu da ake horar da fararen hula gane jiragen abokan gaba, lambobin nan suke tarawa a littafi kamar yadda wasu ke tara kan sarki.

Yanzu manhajar Flightradar24 ta sauƙaƙa komai. Jiragen fasinja suna watsa sunansu da tsayinsu da inda suke, na'urorin da masu sa-kai suka kafa a gidajensu su kama, su tura intanet. Sai dai irin waɗannan na'urori sun yi ƙaranci a yankin Sahel, kuma jiragen soja ba lallai su bayyana ba. Jirgin da ba a gani a waya ba, ba hujja ba ce cewa na leƙen asiri ne. Ƙari a kan haka, wanda ya fara duba waya kafin ya duba sama ba zai taɓa koyo ba. Ya fi kyau mutum ya yi hasashensa, ya rubuta, sannan ya tambayi manhaja ko ya dace.

Inda sha'awa ke iya kai mutum hannun hukuma

'Yan uwa da ke zaune a Turai sun san cewa a Manchester akwai wurin da filin jirgi ya keɓe wa masu kallo, a Landan kuma mutane kan taru da kyamarori a wani fili kusa da Heathrow. Kuskure ne babba a kwaso wannan a kawo gida. Filin jirgin Diori Hamani na Yamai yana haɗe da sansanin sojin sama, haka ma na Kano. A yankin da ke fama da matsalar tsaro, matashin da aka gani jikin shinge da madubin hangen nesa da littafi cike da lambobi zai sha tambayoyi a gaban jandarma ko soja, kuma cewa "sha'awa ce kawai" ba lallai ta fitar da shi da wuri ba.

Ba a Afirka kaɗai ba. A 2001 an kama 'yan Birtaniya 12 da 'yan Holan 2 a Kalamata ta ƙasar Girka saboda rubuta lambobin jirage a sansanin soja. An same su da laifi a 2002, sai a ɗaukaka ƙara aka wanke su. A 2015 ma wasu 'yan Birtaniya uku sun yi makonni a tsare a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa kan irin wannan. Su ma da suke da ofisoshin jakadanci da jaridu a bayansu ke nan.

Saboda haka kallo daga tsakar gida ko rufin ɗaki ya fi tsayawa a bakin shinge. Ba a ɗaukar hoton filin jirgi ko jami'ansa sai da izini, jirgin soja kuwa ba a ɗauka, ba a kuma wallafa lokacin wucewarsa. A wannan fuskar ɗan Gure ya fi ɗan Kurna kwanciyar hankali, tunda nasa jiragen suna can kilomita 11 a sama.

Ga wanda abin ya shiga ransa sosai, akwai inda ake mayar da shi sana'a. A Yamai akwai makarantar EAMAC ta hukumar ASECNA, wadda ke horar da masu kula da zirga-zirgar jirage da masana yanayi na ƙasashen Afirka da dama, a Zariya kuma akwai kwalejin koyon tuƙin jirgin sama da aka kafa a 1964.

Kafin nan, kayan aikin ba su da yawa: littafi, biro, da madubin hangen nesa idan an samu. Ana rubuta rana da lokaci, inda jirgi ya fito da inda ya nufa, yawan layi, da hasashen irinsa. Cikin 'yan makonni za a lura cewa wasu jiragen kusan lokaci ɗaya suke wucewa kullum. Lokacin hunturu hazo kan rufe sama kwana da kwanaki, sai dai a ji ƙara. Mafi kyawun gani shi ne bayan an ɗauke ruwan sama a damina, da makonnin kaka kafin ƙura ta taso, musamman da hantsi ko dab da faɗuwar rana, lokacin da haske ke bugun cikin jirgin daga gefe har a iya ƙirga injunansa.