Man Babunaj: Abin da Mai Saye Ya Kamata Ya Sani Kafin Ya Buɗe Kwalba

Duk mai shiga shagunan magungunan Musulunci ya san babunaj, busasshen furen nan da ake dafawa a sha kamar shayi, wanda ƙasar Masar ke cikin manyan masu nomansa. Yanzu kuma ga mansa ya shigo a 'yan ƙananan kwalabe, ana tallarsa a WhatsApp da Instagram a matsayin maganin rashin barci da damuwa. Mutane da yawa sun ɗauka tunda shayin ba ya cutar da su, man ma haka yake. Wannan kuskure ne.

Ana samun man ne ta hanyar turara furen, a tara tururin ya huce, sai man ya taso a kan ruwa. Kilo guda na busasshen fure ba ya cika ba da fiye da ƙaramin cokali biyu ba. Shi ya sa yake da ƙarfi, shi ya sa kuma yake da tsada. In ka ga babbar kwalba da araha, to ko dai an tsinka shi da wani mai, ko turare ne na haɗi. Iri biyu ne suka fi shahara. Na Jamus, Matricaria chamomilla, shuɗi ne shar, saboda wani sinadari mai suna kamazulin da ke samuwa yayin turarawa. Na Rum, Chamaemelum nobile, launinsa bai kai haka turuwa ba. Kwalbar da ba ta faɗi ko wanne ne a ciki ba, a bar wa mai ita.

Neman lafiya ta hanyar shaƙar man tsirrai ya samu suna ne daga littafin da wani masanin sinadarai ɗan Faransa, René-Maurice Gattefossé, ya fitar a 1937. Ƙamshi mai daɗi yana kwantar da hankali, wannan matan da suka iya turaren wuta da humra ba sa bukatar a gaya musu. Amma binciken da masu talla ke yawan fakewa da shi, na Jami'ar Pennsylvania ta Amurka a 2009, an yi shi ne da ƙwayoyin babunaj na haɗiya, ba da shaƙar mai ba, kuma sauƙin da aka gani matsakaici ne. Wanda ya shafe makonni ba ya barci, ko damuwa ta hana shi sukuni, likita yake bukata. Hawan jini ma ƙamshi ba ya sauke shi.

Idan za a shafa, sai an tsinka: ɗigo 1 ko 2 a cikin ƙaramin cokalin shayi na man kwakwa, man zaitun ko man riɗi. A fara gwadawa a cikin hannu, a jira kwana guda ko biyu. In wurin ya yi ja ko ƙaiƙayi, a haƙura. Babunaj dangi ɗaya yake da tazargade da shuwaka, don haka wanda tsirran wannan dangi ke tayar wa borin jini ya yi hattara. Kada a kai shi kusa da ido, kada a ɗiga a kunne ko hanci.

Idan shaƙa za a yi, ɗigo biyu a kan hankici sun isa, ko ɗigo uku a na'urar fesa ƙamshi na kamar rabin awa, taga a buɗe. Kada a zuba shi a kasko kan garwashi. Mai ne mai kama wuta, kuma hayaƙi kawai za a samu. Mai asma ya yi nesa da shi. Ɗakin mai jego ya fi damuna, domin mun saba rufe shi ruf mu cika shi da ƙamshi, alhali huhun jariri da fatarsa ba su yi ƙwari ba. Jarirai a raba su da wannan mai gaba ɗaya, mai juna biyu kuwa ta tambaya a wurin awo.

Masu shan maganin tsinka jini irin warfarin su ma da magana. A 2006 likitoci a Montreal ta Kanada sun ba da rahoton wata dattijuwa mai shekara 70 da ke shan warfarin, wadda jini ya ɓalle mata ta ciki bayan ta yawaita shan shayin babunaj da shafa man shafawa mai ɗauke da shi.

Man ba na sha ba ne, ko da a zuma ko a shayi. A ajiye shi a kwalbarsa mai duhu, nesa da rana da zafi, a inda hannun yara ba ya kaiwa. In yaro ya kurɓa, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja, domin man na iya sarƙe shi ya shiga huhu. A garzaya da shi asibiti tare da kwalbar.