'Yan Makarantar Patongo: Yaran Da Suka Fito Daga Sansanin Gudun Hijira Suka Ci Gasar Rawa

A arewacin ƙasar Yuganda akwai wani gari da ake kira Patongo, a ƙasar ƙabilar Acholi. A shekarar 2005 garin nan ya riga ya zama sansanin 'yan gudun hijira, inda dubban mutane suka cunkushe a cikin ƙananan bukkoki, ba gona ba kiwo, sai jiran abincin agaji.

Abin da ya kore su daga ƙauyukansu shi ne yaƙin da 'yan tawayen LRA, a ƙarƙashin madugunsu Joseph Kony, suka yi ta yi da gwamnati tun wajen shekarar 1987. 'Yan tawayen nan sun shahara wajen satar yara, su mai da maza sojoji, 'yan mata kuwa su aurar da su ga manyansu da ƙarfi. Daga shekarar 1996 gwamnati ta shiga tilasta wa mutanen karkara komawa sansani, har yawan waɗanda suka bar gidajensu ya kai wajen miliyan 1.8.

To, a cikin wannan hali ne makarantar furamare ta Patongo ta yi abin da ba a zata ba. Akwai gasar kiɗa da waƙa da rawa da makarantun ƙasar ke yi, ana tankaɗe da rairaya tun daga gunduma har a kai ga na ƙarshe a Kampala, babban birnin ƙasar. A 2005 yaran Patongo suka sami shiga zagayen ƙarshe, karo na farko ke nan a tarihin makarantar.

Da yawa daga cikin yaran nan marayu ne. Waɗansu an kashe iyayensu, waɗansu kuma su kansu an taɓa sace su an kai su daji kafin su kuɓuta. Duk da haka kullum sai su taru a filin makaranta, malamansu na koya musu waƙa da kiɗa, har da wani abin kiɗa na katako da ake bugawa da 'yan sanduna. Daga baya gwanaye biyu suka zo daga Kampala domin su ƙara goge su.

Babban abin da suka dogara da shi shi ne rawar Bwola, watau rawar sarauta ta Acholi. A al'ada ana yinta ne ran naɗin sarki, ko jana'izar wani babba. Masu rawa sukan yi da'ira, maza na riƙe da ƙananan ganguna, da gashin jimina a ka. Ga yaron da ya tashi a sansani, bai taɓa ganin fadar sarkinsu cikin zaman lafiya ba, koyon rawar nan tuna wa kai asali ne, da kuma tunawa da waɗanda suka riga mu gidan gaskiya.

Da ranar tafiya ta zo, aka ɗebe su a babbar mota, sojoji na yi musu rakiya saboda hatsarin hanya, tafiyar fiye da mil 200. A Kampala waɗansu yaran kudu suka riƙa yi musu gori, suna ce musu 'yan tawaye. Amma da aka zo sanar da sakamako, Patongo ce ta zo ta ɗaya a fannin rawar gargajiya. Suka koma sansani da kofi, jama'a suka fito tarye da guɗa.

Waɗansu Amurkawa biyu, Sean Fine da Andrea Nix Fine, sun ɗauki wannan labari a fim mai suna War Dance, wanda ya fito a 2007. Fim ɗin ya ci lamba a bikin fina-finai na Sundance, ya kuma shiga takarar lambar Oscar a 2008. Ta haka mutanen ƙasashen waje da yawa suka fara jin halin da 'yan gudun hijirar Acholi suke ciki.

A watan Agusta na 2006 aka sa hannu a kan yarjejeniyar tsagaita wuta a Juba, sa'an nan jama'a suka fara komawa ƙauyukansu sannu a hankali, aka yi ta rufe sansanonin. Yaran da suka yi rawar Bwola a Kampala yanzu sun zama magidanta.