TAKARDAR GUDUMMAWA KO LAMUNIN GWAMNATI: GARDAMAR KUƊIN MAGANI A ƘASAR AMURKA

Cikin shekarar 1965 Shugaban Ƙasar Amurka, Mista Lyndon Johnson, ya sa hannu a wata doka wadda ta kafa shirin da a ke kira Medicare. Manufar shirin ita ce, wanda ya cika shekara 65, in ciwo ya kama shi, Gwamnati ta lamunce za ta biya mafi yawan kuɗin asibiti da na likita. A kan yanke kashi 1.45 cikin ɗari na albashin kowane ma'aikaci, wanda ya ke yi wa aiki ya ba da kamar haka, a ƙara daga Baitulmali, su tsofaffin kuma su riƙa biyan wani abu kowane wata. Abin lura a nan shi ne, magani aka yi wa mutum alkawari, ba wani adadi na kuɗi ba. In magani ya yi tsada, Baitulmali ke ɗaukar yawancin nauyin.

To, magani kuwa ya yi ta tsada, tsofaffi kuma su na ta ƙaruwa. Saboda haka cikin 2011 wani wakili, Mista Paul Ryan, wanda ke shugabancin kwamitin kasafin kuɗi na Majalisar Wakilai, ya kawo wata shawara. Ya ce waɗanda ba su kai shekara 55 ba a lokacin, in sun tsufa, kada a sa su cikin tsohon shiri. A yanka wa kowa gudummawa, wajen dala 8,000 a shekara tun daga 2022, ya zaɓi kamfanin inshorar da ya ga dama, Gwamnati ta miƙa wa kamfanin kuɗin. In abin da kamfanin ke nema ya fi haka, sai tsoho ya cika daga aljihunsa. Abokan hamayya suka sa wa abin suna takardar gudummawa, ko da ya ke shi bai yarda da sunan ba.

Masu goyon bayansa ba su rasa hujja ba. Sun ce Gwamnati za ta san iyakar abin da za ta kashe tun kafin shekara ta kama, kamfanoni kuma za su yi gasar rage kuɗi don su sami masu saye. Duk malamin da ya taɓa rubuta kasafin kuɗi ya san daɗin sanin iyakar abin da za a nema a wurinsa.

Amma fa akwai inda gizo ke saƙa. An shirya gudummawar za ta riƙa ƙaruwa daidai da tsadar kayan masarufi ne kawai, alhali kuwa kuɗin magani ya saba tashi fiye da haka. Watau kowace shekara giɓin zai ƙara faɗi. Ofishin da ke yi wa Majalisa lissafin kasafi ya auna, ya ce kafin 2030 mai shekara 65 zai riƙa biyan kashi 68 cikin ɗari na kuɗin, maimakon kashi 25 zuwa 30 in an bar tsohon shiri. Ashe tsadar ba ta tafi ko'ina ba, an sauke ta ne daga kan Baitulmali aka aza wa tsoho. Har wa yau kuma kamfani ya fi son mai lafiya, gama shi ne ba ya cin kuɗi. In ba a tsare da doka ba, mai ciwon sukari ko na ƙoda shi zai fi shan wuya, ga shi kuwa dominsa aka kafa shirin. Tsohon da ke kwance kuma ba ya yawon taya farashi kamar mai sayen akuya ranar kasuwa.

Majalisar Wakilai ta yarda da shawarar cikin watan Afrilu, mutum 235 suka goyi baya, 193 suka ƙi. Majalisar Dattijai ta kayar da ita cikin watan Mayu, 57 da 40. A ƙarshen shekarar Mista Ryan ya haɗa kai da Sanata Ron Wyden na ɗaya jam'iyyar, suka gyara. Suka ce a bar tsohon shiri ga mai so, gudummawa kuma a ɗaura ta bisa ainihin farashin da kamfanoni suka yanka. A ganinmu wannan gyara ya nuna inda maganar ta ke, watau da me aka ɗaura gudummawar. Wannan ma ba ta zama doka ba.

Dalilin kawo wa Hakimai da malamansu wannan labari shi ne, cikin 2022 Nijeriya ta yi dokar da ta wajabta inshorar lafiya, ta kuma tanadi asusu domin marasa ƙarfi. In ma'aikata sun zo ƙasarku da bayanin wani shiri, ku roƙe su su rubuta irin ciwace-ciwacen da aka lamunce, da wanda zai cika kuɗi in magani ya tashi baɗi, kafin ku tara dagatai ku gaya wa talakawa.