Shamuwa Da Furen Itatuwa: Abin Da Su Ke Gaya Wa Manomi

Ya ku manoman ƙasar Daura, da dagatai da masu unguwanni! Ga bazara ta kama, aikin gona bai taso ba tukuna. To, kai mai gida, maimakon ka wuni a gindin bedi kana fifita, ɗaga kai ka dubi itatuwan gidanka da na garkar bayan gida, gama suna da labarin da za su ba ka.

Ɗorawa ita ke fara magana. Tun wajen watan Fabrairu ta kan zubo jan furenta mai kama da tuntu, da magariba kuwa sai ka ga jemagu sun yi mata caa. Kada ka bar yara su jefe su. A 1957 waɗansu masana biyu a ƙasar Gana suka bayyana cewa jemage ke ɗaukar garin fure daga wannan tuntu zuwa wancan, sa'an nan ta yi 'ya'ya. Watau mai korar jemage, daddawarsa ya ke kora. Kuka ma haka ta ke, sai dai farin furenta ba ya fitowa sai ruwa ya kusa, kuma da dare ya ke buɗewa.

Amma babbar baƙuwa ita ce shamuwa. Sa'ad da mu ke fama da hunturu, ita tana can kudancin Afirka, wajen Zambiya da Zimbabuwe, inda a ke damina a lokacin. Wajen Afril ko Mayu sai ka wayi gari ka gan ta bisa tsamiya ko kuka, tana jidar ƙirare tana gyaran sheƙa. Ta kan yi ƙwai biyu ko uku. Abincinta fara da tsutsa, ga ta kuwa ba ta taɓa hatsi ko ƙwaya ɗaya. Ina ka taɓa samun ɗan ƙodago irin wannan, wanda ba ya neman lada?

Sai dai a nan mutane da yawa su ke kuskure. Zuwan shamuwa ba shi ne faɗuwar damina ba. Ta kan riga ruwan kirki da makonni. Wanda ya gan ta, aka yi ɗan yayyafi, ya ruga ya zuba irinsa a jigawa, sau da yawa geron ya kan tsiro rana ta ƙone shi, ga rumbu ba sauran iri. In ka gan ta, ka gama sharar gona, ka kai taki, ka sa kota ga sungumi. Shuka kuwa, sai ka tona ka iske laima ta kai kamar taƙi guda. Ka duba gawo kuma: shi da ya ke kore shar duk rani, sai damina ta kawo kai ya ke zubad da ganye.

Ku dagatai, daga Baure zuwa Mai'aduwa, ga roƙonmu. Ku hana a sare itacen da shamuwa ke sheƙa a kai, ko da kashinta ya dami mai gida. Ku sa malaminku ya rubuta ranar da ta sauka, da ranar da kuka ta yi fure, da ranar ruwan shuka, kowace shekara cikin littafi ɗaya, a ajiye shi tare da takardun gari.