Baba ta Karo: ka san sunan kakar kakarka?

Gwada wannan a gurup ɗin danginku na WhatsApp: tambayi sunan kakan kakanku, za ka sha amsa har da kirari. Sai ka ce to matarsa fa, wa ke sunanta, daga wane ƙauye aka auro ta? Nan fa za ka ji shiru.

Akwai wata mata da ta tsira daga wannan shirun, kuma ba nesa da mu nan Danja ta yi rayuwarta ba. Sunanta Baba, an haife ta a 1877 a Karo, wani ɗan ƙauye kusa da Zarewa a ƙasar Kano. Ba gimbiya ba ce, ba kuma malama ba. 'Yar manomi ce, danginta Barebari ne asalinsu daga Borno. Tsakanin 1949 da 1950, a garin Giwa da ke kan hanyar Zariya zuwa Funtuwa, wata Baturiya mai suna Mary Smith ta zauna da ita tana rubuta abin da take faɗa, yayin da mijinta M. G. Smith ke nasa binciken a ƙasar Zazzau.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne Baba ba ta yi wa danginta kwalliya ba. Ta faɗi cewa gidansu na da bayi a rinji, ta kuma ba da labarin yadda suka watse bayan zuwan Turawa. Ta faɗi yadda mahara ke kwashe mutane, har 'yan uwanta, sai an tara kuɗin fansa. Aure huɗu ta yi, na fari na zumunci, ba ta taɓa haihuwa ba, amma ta riƙi 'ya'yan dangi. Mu kuwa yau, in an zo tarihin gida, sarauta da malanta kawai muke ɗorawa a Facebook.

Ita Mary da hannu ta rubuta, makonni tana yi. Kai wayarka na ɗaukar murya, kuma wataƙila tsohuwar da ta san waɗannan sunaye tana tsakar gidanku tana gyaran tumatir ɗin shanya. Kada ka ce mata "ba ni tarihi", za ta ce ba ta sani ba. Tambaye ta wa ya yaye ta, wa ya riƙe ta, wace ce ƙawarta ta ƙut da ƙut.

Littafin, Baba of Karo, ya fito a Landan a 1954. Baba ba ta gan shi ba, ta rasu tun 1951.