Direban babbar mota da binciken bakin hanya

Duk wanda ya taɓa bin babbar hanya mai lamba 1, wadda ta tashi daga Yamai ta ratsa Doso, Ƙonni, Maraɗi da Damagaram har Difa, ya san wannan hali. An gitta ƙarfe, jandarma ya ɗaga hannu, babbar mota ta sauka gefen kwalta tana huci. Direba ya sauko da jakar takardu, yaron mota ya danna katako ƙarƙashin ƙafa. Ko a ɗaga masa ƙarfe nan take, ko ya kwana a wurin, maganar tun a tasha ta ƙare, kafin ya tada mota.

Nijar ba ta da bakin teku. Shinkafa da sukari da kayan gini da ke sauka a tashoshin jiragen ruwa na maƙwabta, a bisa mota suke iso mana. Albasar Galmi da wake da dabbobi kuma a bisa mota suke fita. Saboda haka sha'anin direba ya shafi kowane gida.

Takardu su ne abin da ake fara tambaya. Akwai permi, kuma lalle ya dace da irin motar: mai harafin C na babbar motar kaya ne, mai D na ɗaukar fasinja, mai E na jan tirela. Akwai kart-giriz, wadda lambobinta za su zama daidai da na jikin mota. Akwai asurans, da takardar bizit wadda ke shaida lafiyar mota, da takardun kayan da aka ɗauko, har da na duwan in daga waje suke. Sau da yawa takardun suna nan cif, amma wa'adin ɗaya ya wuce da mako guda ba wanda ya lura. A nan ne direban da ya shiga ajin yaƙi da jahilci yake cin ribar karatunsa: ya duba rana da wata da shekara da idonsa, ba sai mai mota ya ce masa «kome na nan daidai» ba.

Sa'an nan jikin mota. Manyan motoci da iska suke taka birki, don haka kafin tashi a bar inji ya cika tukunyar iska, a kashe shi, a saurara. In ana jin tsiyayar iska, ko allurar awo tana sauka, motar ba ta isa hanya ba. A riƙa zubar da ruwan da ke taruwa cikin tukunyar, domin yana cin ƙarfe. A duba tayoyi ɗaya bayan ɗaya, har na ciki da ido ba ya kai wa da sauri, musamman da bazara sa'ad da kwalta ke ɗaukar zafi. A taɓa notocin ƙafa, a kunna fitilun gaba da na baya, yaron mota ya tsaya ya gani ko na birki suna kamawa. A tabbata akwai abin kashe wuta, da alamar nan mai kusurwa uku ta ajiyewa a hanya in mota ta lalace. Mun saba ganin an karya reshen itace an jera a kwalta. Da rana yana ɗan amfani. Da dare kuwa ganye ba ya mayar da hasken fitila, sai mai tahowa ya iske kansa ƙarƙashin tirela.

Direban tankar mai, nasa shirin ya fi na kowa nauyi. A daren 5 zuwa 6 ga watan Mayu na 2019 wata tanka ta kife kusa da filin jirgin saman Yamai, jama'a suka taru kwasar mai, wuta ta tashi, fiye da mutum 50 suka rasu.

Amma inda aka fi samun gardama shi ne wajen awon nauyi. A watan Disamba na 2005 ƙasashen ƙungiyar UEMOA, har da Nijar, suka amince da doka mai lamba 14 a kan girma da nauyin motocin kaya. Ta ce faɗin mota kada ya wuce mita 2,55, tsayinta da kayanta mita 4. Layin ƙafafun gaba tan 6 ne iyakarsa. Layin baya guda, tan 11 da rabi, ko 12 in tayoyin tagwaye ne. Tirela mai layi shida, da ita da kayanta, tan 51. Dokar ta yanka tara ta jika 20 a kan kowane tan da ya hau in cikin ƙasa ne ake jigila, jika 60 in tsakanin ƙasashe ne, kuma dole a sauke abin da ya yi yawa kafin mota ta wuce.

Wani zai ce, me tan biyar ko goma za su rage wa kwalta? Masana sun gwada. A jihar Ilinoi ta Amurka, daga 1958 zuwa 1960, an yi ta kewaya hanyoyin gwaji da motoci masu nauyi daban-daban, aka gano cewa in an ninka nauyin layin ƙafa sau biyu, ɓarnar da yake yi wa hanya tana ninkuwa wajen sau 16. Ramukan da direba ke zagi, masu karya masa sifirin, mafi yawa irin lodinsa ne ya haƙa su. Birkin da aka ƙera don tan 51 kuma ba ya tsayar da tan 70 a inda ake so.

A nan sai a faɗi gaskiya: ba direba ke yanke nauyin lodi ba. Ɗan kasuwa yana son buhu ɗari bisa ƙari, mai mota yana son kuɗin tafiya biyu a tafiya guda, direba kuwa in ya ƙi, akwai goma da ke jiran makullin. Shi ne dai zai tsaya gaban sikeli, shi ne kuma zai sauka gangara da wannan nauyi a bayansa. Duk horon da za a ba direbobi, in masu motoci da masu kaya ba su zauna aji ɗaya da su ba, rabin aiki ne aka yi. Haka ma'aikacin da ke bakin ƙarfe: in ya karɓi na goro ya ɗaga hannu ba tare da ya leƙa ƙarƙashin mota ba, taya ba ta sake sabuwa ba, sai dai ta fashe a gaba.

Abin da ke hannun direba shi ne ya san nauyin motarsa ba kaya, yana rubuce a kart-giriz. Ya ƙidaya buhuna sa'ad da ake lodi, buhu 20 na kilo 50 tan guda ke nan. Ya sa a baza kayan daidai, don mota tana iya zama cikin iyaka a jimla alhali layi ɗaya ya wuce. In an tsayar da shi, ya sauko da ladabi, ya miƙa abin da aka tambaya. In an auna, ya karɓi takardar awo. In an ci shi tara, ya nemi takardar shaidar biya mai hatimi, ya kai wa mai mota.